Allurar sanƙarau ta ƙwayoyin gado: ina aka kwana, kuma me ta ƙunsa ga Tasawa da Mayahi?

Allurar rigakafi ta ƙwayoyin gado ita ce wadda ba ta ɗauke da ƙwayar cuta, ba ta kuma ɗauke da wani yanki na jikinta. Abin da ke cikin kwalbar rubutaccen umarni ne, irin wanda kowace halitta ke ɗauke da shi a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda masana ke kira ADN ko ARN. Idan aka yi wa mutum ita, naman jikinsa ne zai karanta umarnin, ya ƙera wani ɗan sashe mai kama da na ƙwayar cutar, garkuwar jiki ta gan shi, ta shirya masa. Jama'a sun soma jin labarin wannan fasaha a lokacin korona. A kan cutar sanƙarau kuwa, har yau babu allura irin wannan ko ɗaya da ta samu izinin amfani a wata ƙasa ta duniya. Duk suna matakin gwaji, akasarinsu a kan ɓeraye, ƙalilan a kan mutane masu sa kai a Ingila.

Wannan bayani yana da amfani ga mazauna gundumomin Tasawa da Mayahi ta fuska biyu. Allurar da ma'aikatan lafiya ke yi wa yara a CSI da lokacin kamfen ba ta cikin wannan rukuni, duk abin da ake yaɗawa ta WhatsApp. Sannan binciken da ake yi a waje, ko da yake ba don Sahel aka fara shi ba, ya taɓo wata matsala da ta sha jefa Nijar cikin annoba.

Cutar da lokacinta

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin cuta daban-daban na haddasa shi, amma wadda ke kawo annoba a yankin Sahel ita ce bakteriyar da ake kira Neisseria meningitidis, ko meningokok a bakin ma'aikatan asibiti. Wani likitan birnin Biyana mai suna Anton Weichselbaum ne ya fara gano ta cikin 1887. Mazauninta maƙoshin ɗan Adam ne kaɗai. Ba ta zama a jikin dabba ko cikin ruwa. Kimanin mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita a maƙoshi ba tare da ya san da ita ba, yana kuma yaɗa ta ta tari, atishawa da zama kusa da kusa. Sai ta keta tantanin hanci da maƙoshi ta shiga jini ne ciwo ke tashi, galibi cikin kwana biyu zuwa goma.

Alamunta sanannu ne: zazzaɓi mai zuwa kwatsam, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko shiɗewa. Ga jariri wuya bai faye sanƙarewa ba, sai dai maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laushi. Tana iya kisa cikin kwana guda. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a cikin masu kamuwa da sanƙarau na bakteriya kusan ɗaya cikin shida na rasuwa, ɗaya cikin biyar kuma na tashi da naƙasa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi ko wahalar koyon karatu.

Tasawa da Mayahi, waɗanda kowaccensu ta haura mutum dubu 500 a ƙidayar 2012, suna tsakiyar zirin da likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zayyana cikin 1963, wanda a yau ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Cutar na ɗagowa da hunturu, ta yi ƙamari a tsakiyar bazara wajen Maris da Afrilu, ta lafa da saukar ruwan farko. Ƙura da busasshiyar iska na raunana tantanin hanci, shi ya sa ƙwayar da ta yi watanni a maƙoshi ba ta yi komai ba take samun ƙofa. Lokacin kuma ya zo daidai da na yawan zirga-zirga: ƴan ci-rani tsakanin ƙauyukan Kanambakashe ko Urafan da biranen Katsina da Kano, cin kasuwanni, bukukuwan aure, kwanan almajirai ɗaki guda saboda sanyi. Garuruwan kudancin Tasawa irin su Hawandawaki da Korgom na dab da iyakar Najeriya, kuma ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen duwan.

Haruffa shida da rigar sukari

Ba za a fahimci wahalar allurar ƙwayoyin gado ba sai an san yadda ƙwayar take. Meningokok na sanye da wata riga mai santsi da aka yi da sarƙar sukari, wadda ke hana garkuwar jiki kama ta. Da irin wannan riga ake rarraba ta gida-gida. Akwai gidaje goma sha biyu, amma shida ne ke haddasa kusan duk ciwon: A, B, C, W, X da Y. Garkuwar da mutum ya samu a kan rigar wani gida ba ta aiki a kan ta wani.

Shekaru da dama gidan A ne dodon Sahel. Shi ya kama sama da mutum dubu 40 a Nijar cikin 1995, ya kashe fiye da dubu uku. Cikin 1996 da 1997 ya kama sama da dubu 250 a nahiyar, ya kashe kimanin dubu 25. Ya sake dawowa cikin 2009 a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, har da jahar Maraɗi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya suka yi wa miliyoyin mutane allura cikin gaggawa.

Allurar wancan zamani, wadda dattawa ke kira lamba kamar sauran, sukarin rigar ne zalla aka tace. Kariyarta ba ta wuce kamar shekara uku ba, ba ta kama jikin yara ƴan ƙasa da shekara biyu sosai, ba ta kuma share ƙwayar daga maƙoshi. Don haka sai annoba ta riga ta tashi ake kawo ta. Abin da ya sauya al'amari shi ne ɗaure sukarin a jikin wani furotin, don garkuwar jiki ta riƙe shi ta kuma tuna da shi. Da wannan dabara aka yi MenAfriVac, aikin haɗin gwiwar OMS da ƙungiyar PATH da aka soma cikin 2001, kamfanin Serum Institute na Indiya ya ƙera ta a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba, wato kimanin dala hamsin na sefa a lokacin. An ƙaddamar da ita cikin Disamba 2010 a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga ƴan shekara 1 zuwa 29. A Cadi, binciken da aka yi a lokacin annobar 2012 ya nuna ciwon ya yi ƙasa da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi allurar idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. Tun 2017 ba a sake tabbatar da gidan A a ƙasashen zirin ba.

Amma sauran gidajen na nan. Gidan W ya yi ɓarna a Burkina Faso cikin 2002, bayan ya ɓulla tsakanin alhazai a Hajjin 2000. Gidan X ya tayar da annoba a Yamai da kewaye cikin 2006, a lokacin da babu wata allura a kansa a duniya baki ɗaya. Gidan C ya kama sama da mutum 8,500 a Nijar cikin 2015, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantu a Yamai. Cikin 2017 ya kama sama da dubu 14 a Najeriya, akasari a Zamfara, Sakkwato da Katsina. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 da rasuwar 18 a jahar Damagaram, maƙwabciyar Tasawa ta gabas. Amsar da aka samu ita ce Men5CV, ko MenFive, mai haɗa A, C, W, X da Y, wadda aka gwada a Mali da Gambiya, OMS ta amince da ingancinta cikin Yuli 2023. Najeriya ce ta fara amfani da ita cikin Maris 2024, Nijar ta bi sahu cikin Mayu na wannan shekara. Ita ma sukari ne ɗaure da furotin. Babu ADN ko ARN na umarni a cikinta.

Gidan B, inda labarin ƙwayoyin gado ya faro

Harafi ɗaya ya rage a waje, wato B, kuma ba da mantuwa ba. Sukarin rigar gidan B ya yi kama da wani sukari da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, musamman ta ɗan tayi. Garkuwar jiki na ɗaukarsa na gida ne, ba ta taɓa shi, masana kuma sun ji tsoron tilasta mata. Gidan B ba kasafai ake ganinsa a Sahel ba, amma shi ne kan gaba a Turai, kuma can kuɗin bincike yake. Kyuba cikin shekarun 1980 da New Zealand cikin 2004 sun yi alluran da suka dace da irin ƙwayar da ke damun su kaɗai, daga ɓawon da ke ƙarƙashin rigar.

Mafita ta zo ne daga karanta littafin gadon ƙwayar gaba ɗaya. Cikin Maris 2000 aka wallafa cikakken rubutun gadon wata ƙwayar gidan B, mai haruffa sama da miliyan biyu da ƙwayoyin gado sama da dubu biyu. A cikin watan ne kuma wata cibiya a Ingila ta wallafa na gidan A, daga ƙwayar da aka ɗauko a Gambiya cikin 1983. Ayarin Rino Rappuoli a garin Siyena na Italiya ya sa kwamfuta ta tace rubutun gidan B, ta fito da furotin kusan 600 da ake zaton suna saman jikin ƙwayar. Aka iya ƙera 350 daga ciki, aka yi wa ɓeraye, aka ga ƙasa da talatin ne ke sa jini ya kashe ƙwayar. Daga waɗannan aka zaɓi na allurar Bexsero, wadda Turai ta amince da ita cikin 2013, Birtaniya ta sa ta cikin alluran jarirai cikin Satumba 2015. Kamfanin Pfizer ya fito da tasa, Trumenba, cikin 2014.

A nan ake yawan ruɗewa. Bexsero da Trumenba an gano su ne ta hanyar karanta ƙwayoyin gado, amma abin da ke cikin kwalbar furotin ne da aka riga aka ƙera a masana'anta. Ba su ne alluran ƙwayoyin gado ba. Sai dai su suka nuna wane furotin ya kamata a sa wa ido, kuma babba a cikinsu shi ne wanda ake kira fHbp. Da shi ƙwayar ke cafko wani sinadari na jinin mutum, wanda aikinsa hana garkuwar jiki afka wa naman jikinta, ta manna shi a jikinta, kamar ɓarawon da ya ari rigar maigida ya wuce gaban kare. Idan jiki ya koyi gane fHbp, ya sami abin kamawa, ya kuma tuɓe wa ɓarawon rigar.

Hanyoyin da ake gwadawa

Mafi daɗewa ita ce ta ADN. Tun 1990 aka gano cewa idan aka tsira wa ɓera ɗan zoben ADN a tsoka, tsokar na ƙera furotin ɗin da aka rubuta a ciki. Masu bincike a Habana ta Kyuba sun yayyanka rubutun gadon gidan B gunduwa-gunduwa cikin shekarun 2000 suka yi wa ɓeraye, don su ga wane yanki ke tayar da garkuwa. A jami'ar Southampton ta Ingila, cikin 2008, an haɗa wani ɗan guntun furotin na ɓawon ƙwayar da wani yanki na furotin ɗin tetanos a cikin ADN guda, jinin ɓerayen ya kashe ƙwayar a ɗakin gwaji. A Amurka wasu sun nemi yin dabara da rigar sukarin gidan C: tun da ADN ba ya rubuta sukari, suka nemo ɗan guntun furotin mai siffar sukarin, suka rubuta shi. Duk waɗannan sun tsaya a kan dabbobi. Alluran ADN gaba ɗaya sun fi yin ƙarfi a jikin ɓera fiye da na mutum, kuma sai cikin Agusta 2021 aka fara ba wa wata izini a kan ɗan Adam, ZyCoV-D ta Indiya, a kan korona.

Ta biyu ita ce ta ɗora umarnin a bayan wani birus da aka raunana, ya kai shi cikin ƙwayoyin jiki. Wannan ce ta fi nisa. Jami'ar Oxford ta ɗauki wani birus da ke sa birin shimfanzi mura, ta cire masa ikon hayayyafa, ta sa masa rubutun fHbp, ta kira allurar ChAdOx1 MenB.1. An soma gwada ta a kan manya masu sa kai a Oxford cikin 2018. Wannan abin hawa shi ne daga baya aka yi amfani da shi a allurar korona ta AstraZeneca, wadda ta iso Nijar cikin 2021. Burin masu aikin shi ne allura guda ta wadatar, maimakon biyu ko uku da Bexsero ke bukata ga jariri, kuma ta fi arha. Cikas ɗin shi ne fHbp ba iri ɗaya ba ne a jikin duk ƙwayoyin; yana da dangi daban-daban, kuma garkuwar da aka samu a kan wani ba lalle ta kama wani ba.

Ta uku ita ce ta ARN ɗan aike, wanda aka fi sani da mRNA. Shi kwafin umarni ne na ɗan lokaci, ana naɗe shi cikin ɗigon kitse mitsitsi. Aikin Katalin Karikó da Drew Weissman na 2005, wanda ya kai su ga lambar Nobel cikin 2023, shi ya buɗe hanyar alluran korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna. A kan cututtukan bakteriya fasahar na baya sosai. Cikin 2023 masu bincike a Isra'ila sun ba da rahoton kare ɓeraye daga bakteriyar annoba da ita, Moderna kuma ta soma gwajin wata a kan cutar Lyme da kaska ke yaɗawa. A kan meningokok aikin bai fita daga ɗakin gwaji ba.

Akwai wata dabarar ta dabam da ta cancanci ambato, ko da ba allura ba ce. Meningokok na da ƴar uwa marar cutarwa, Neisseria lactamica, da ke zama a maƙoshin yara, kuma inda ta zauna muguwar ba ta faye samun wuri ba. A Southampton an dasa wa wannan ƴar uwa ƙwayar gado guda ta meningokok, aka ɗiga ta a hancin masu sa kai, ta zauna, jikinsu ya tayar da garkuwa a kan furotin ɗin da aka dasa. An wallafa sakamakon cikin 2021.

Me ya sa abin ya yi wuya

Birus kamar na korona a cikin ƙwayoyin jikin mutum yake ƙera furotin ɗinsa tun asali, don haka idan aka ba tsoka umarnin, abin da za ta fitar zai yi kama da na gaskiya. Bakteriya kuwa da masana'antarta take yawo. Idan aka ba ƙwayar jikin mutum rubutun furotin ɗin bakteriya, takan naɗe shi ba yadda ya kamata ba, ko ta liƙa masa nata sukarin ta rufe wuraren da ake son garkuwa ta gani, ko ta riƙe shi a ciki ya ƙi fitowa. Tela ne aka ba samfurin rigar da bai taɓa ɗinkawa ba. Shi ya sa masu bincike ke ɓata shekaru suna gyara rubutun harafi-harafi.

Sannan sanƙarau ba ya ba da lokaci. Ciwon da ke kisa cikin awa ashirin da huɗu ba ya jiran jiki ya tuna ya sake ƙera makamai. Dole makaman su kasance cikin jini da yawa tun kafin ƙwayar ta shigo, kuma irin masu fasa ta. Da wannan ma'auni ake auna kowace allurar sanƙarau: a ɗebi jinin wanda aka yi wa, a zuba masa ƙwayar, a ga ko ya kashe ta.

Akwai kuma abin da allurar sukari ɗaure da furotin ke yi wanda na furotin zalla suka kasa. MenAfriVac ta share gidan A daga maƙoshin jama'a, shi ya sa har waɗanda ba a yi wa ba suka tsira. Babban binciken da aka yi a kan ɗaliban kudancin Ostireliya, wanda aka wallafa cikin 2020, ya nuna Bexsero ba ta rage ɗaukar ƙwayar a maƙoshi. Idan alluran ƙwayoyin gado, waɗanda su ma furotin suke nufa, suka gaji wannan rauni, za su kare wanda aka yi wa amma ba za su tsayar da annoba a ƙauye ba. Ga Sahel wannan ba ƙaramin gibi ba ne.

Abin da ya shafi wannan yanki

Duk da haka akwai dalilin bin labarin. Meningokok na da halin tsintar guntayen ADN daga ƴan uwanta a cikin maƙoshi ta haɗa da nata. Ƙwayar gidan C da ta addabi Yamai cikin 2015 ta fara ɓulla ne a arewa maso yammacin Najeriya cikin 2013, kuma da aka karanta rubutun gadonta, binciken da aka wallafa cikin 2018 ya nuna asalinta ƙwaya ce marar riga, mai zaman lafiya a maƙoshi, da ta tsinci ƙwayoyin gadon ɗinka rigar C ta zama mai kisa. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya sake faruwa da wata rigar. Allurar da ke bin riga kullum tana bayan ƙwayar da taki guda: daga annobar X ta 2006 zuwa samun allurarta an yi shekara goma sha bakwai.

Furotin irin su fHbp kuwa suna ƙarƙashin rigar, kuma ana samun su a gidaje daban-daban. Cikin 2013 masu bincike a cibiyar Pasteur ta Paris sun gwada jinin waɗanda aka yi wa Bexsero a kan ƙwayoyin gidan X da aka ɗauko daga Afirka, har da na Nijar, jinin ya kashe su a ɗakin gwaji. Allurar da za ta nufi irin waɗannan furotin, wadda kuma za a iya sauya rubutunta cikin makonni idan sabuwar ƙwaya ta ɓulla, ita ce fatan da ke bayan fasahar ƙwayoyin gado. Fata ne dai tukuna.

Kuɗi da sanyi su ne sauran tambayoyin. Farashin da kamfanin ya sa wa Bexsero a Birtaniya da farko fam 75 ne kowace allura, abin da ya haura jika hamsin. MenFive kimanin dalar Amurka uku. Allurar korona ta Pfizer da farko sai a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili ake ajiye ta. MenAfriVac kuwa an tabbatar a Banikowara ta Benin cikin 2012 cewa tana jure kwana huɗu a zafin digiri 40 ba tare da ƙanƙara ba, kuma wannan ne ke ba mai babur damar kai ta rugagen arewacin Mayahi a watan Afrilu. Akwai ƙoƙarin kawo fasahar ARN nahiyar, ta cibiyar da OMS ta kafa a birnin Kap na Afirka ta Kudu cikin 2021 da masana'antar BioNTech da aka buɗe a Kigali cikin Disamba 2023, amma ba sanƙarau ba ne a kan gaba a jerin ayyukansu. Ko alluran gida biyar da Amurka ta amince da su cikin 2023 da 2025 na A, B, C, W da Y ne. Babu X a ciki, don ba ya damun su.

Tsoro, gwaji da jabu

Tambayar da aka fi yi ita ce ko irin wannan allura na sauya halittar mutum ko ta zuriyarsa. ARN ɗan aike ba ya shiga cibiyar ƙwayar jiki inda ADN ɗin mutum yake, kuma yana narkewa cikin ƴan kwanaki. Zoben ADN da na birus ɗin Oxford suna shiga cibiyar, amma suna zama ne a gefe ba a ƙera su don su haɗe da na mutum ba, suna ɓacewa tare da ƙwayoyin da suka ɗauke su. Wannan ba ya nufin ba su da illa ko kaɗan: allurar AstraZeneca ta haddasa daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, kuma bibiyar da ake yi bayan an fara amfani da ita ce ta gano haka.

Shakkar mutanen ƙasar Hausa game da gwaji tana da tushe. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, wanda magani ne ba rigakafi ba, a kan yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75 cikin 2009. Wannan labari na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna cikin 2003.

Amma jahar Maraɗi ta ga gwaji na wani salo. Cibiyar Epicentre ta MSF da ke Maraɗi, tare da ofishin ministan kiwon lafiya, ta yi bincike a ƙauyuka 49 na Madarumfa a lokacin annobar 2017. Inda aka raba wa ƙauye gaba ɗaya ƙwayar siprofuloksasin guda bayan samun mai ciwo na farko, an samu 190 cikin kowane dubu ɗari, inda ba a raba ba kuma 451. Duk gwaji na halal a Nijar sai ya bi ta kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, a yi wa mutum bayani da harshensa, ya yarda ko ya ƙi ba tare da ya rasa kulawa ba, kuma ba a karɓar kuɗinsa.

Haɗarin da ya fi kusa da mai karatu shi ne na jabu. A annobar 1995 an yi wa dubban mutane a Nijar allurar da daga baya aka gano babu komai cikinta. Cikin 2015, da aka shiga ƙarancin allura mutane suka koma saye da kuɗinsu, OMS ta yi gargaɗi kan jabun Mencevax da Menomune a ƙasar, ta sake yin wani cikin 2019. Duk wanda ya zo da kwalba a jaka ya ce sabuwar allurar sanƙarau ce ta ARN ko ta ADN daga waje, abin da babu shi yake sayarwa.

Inda ilimin ƙwayoyin gado ya riga ya shigo aiki a Tasawa da Mayahi shi ne wajen gano cutar. Idan aka kai marar lafiya CSI ko asibitin gunduma, ana ɗibar ruwan ƙashin bayansa a soma masa allurar seftiriyakzon nan take, ba tare da jiran sakamako ba. Ruwan kuma a aika shi cibiyar CERMES a Yamai, wadda tun 2002 take amfani da gwajin PCR wajen karanta ADN ɗin ƙwayar, ko da ta mutu a hanya saboda zafi, ta faɗi ko wane gida ce. Idan yanki mai mutum dubu 30 zuwa dubu 100 ya kai masu ciwo uku cikin dubu ɗari a mako, an shiga matakin faɗakarwa. Idan ya kai goma, annoba ce. Da wannan ƙidaya da sakamakon CERMES ne Nijar ke neman allura daga rumbun gaggawa na duniya da aka kafa cikin 1997, kuma harafin da aka karanta a ruwan bayan yaron farko da aka kawo shi ke nuna irin allurar da za a aiko wa sauran ƙauyen.